Marcellus: salon haruffa mai kwarjini, amma bai san ƙ da ɗ ba

Katin ɗaurin aure, takardar shaidar kammala karatu, kan wasiƙar ofis, bangon mujalla. A yawancin shagunan buga takardu na Damagaram, daga Zango har Sabon Gari, salon haruffa uku ko huɗu ne ke ɗauke da wannan aiki duka. Times New Roman idan ana son abu ya yi kama da na hukuma, Arial idan ana sauri, Monotype Corsiva ko Algerian idan mai kati ya ce a ƙawata masa. Ba wani zaɓi aka yi ba, su ne dai aka tarar a cikin kwamfuta. Marcellus yana cikin salon da ya kamata masu wannan sana'a su sani, domin kyauta ne, yana da kwarjini, kuma yana da aibi guda da zai iya kunyata mai rubutun Hausa a bainar jama'a idan bai lura ba.

Brian J. Bonislawsky ne ya zana shi, a ƙarƙashin kamfaninsa Astigmatic, kuma yana kan Google Fonts tun 2012. Iri biyu ne. Akwai Marcellus na yau da kullum mai manya da ƙananan haruffa, akwai kuma Marcellus SC wanda ƙananan haruffansa ma siffar manya gare su, an dai rage musu tsayi. Tushensa rubutun da Rumawa suke sassaƙawa a jikin dutse ne, shi ya sa O da C da D suke da faɗi kamar faifai, E da F da S kuma suke a tsuke.

Abin da ya raba shi da Times da Arial yana a ƙarshen sandar harafi. A Times, sandar I ko H tana saukowa a miƙe sai ta tarar da wata ƴar ƙafa a kwance, kamar an sa mata takalmi. A Arial babu ƙafar sam, an datse sandar ne kawai. A Marcellus sandar da kanta ce take buɗewa a hankali yayin da take kusantar ƙarshe, kamar yadda kakaki yake tafiya siriri sannan ya buɗe baki. Ka dubi babban I a girman 72, za ka ga ya ɗan tsuke a ƙugu ya faɗaɗa sama da ƙasa, kusan siffar kalangu. Wannan buɗewa ita ce duk kyan salon. Duk abin da zai ɓatar da ita, ko ƙanƙantar rubutu ne, ko takarda mai shan tawada, ko kaurin ƙarya na Word, to ya ɓatar da dalilin zaɓensa tun farko.

Saboda haka girma ne abu na farko. Maki ɗaya na girman rubutu kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, wajen milimita 0,35. A girman 10, kaurin sandar harafi bai wuce kashi uku cikin goma na milimita ba. Firinta mai leza da ke buga ɗigo 600 a inci tana zana wannan sanda da ɗigo shida ko bakwai, buɗewar bakin kuma ta tashi a ɗigo ɗaya ko biyu. Ana ganinta, amma da ƙyar. A fuskar kwamfuta ta gama-gari mai ɗigo 96 a inci, sandar gaba ɗaya ɗigo ɗaya ce, babu wurin wata buɗewa. Daga 14 zuwa sama ne salon yake fara nuna kansa, daga 24 kuma sai ya cika ido. A kan kati mai girman A5, sunan ango da amarya a 26 zuwa 30, sunayen iyalai a 14 zuwa 16, rana da wuri a 12 ko 13, wannan tsari yana zama daidai ba tare da cunkoso ba. A takardar shaida mai girman A4 a kwance, kanun zai ɗauki 36 zuwa 44 da Marcellus SC.

Manyan haruffansa suna son iska. Idan aka jera su yadda suka zo, sai su yi kamar mutane a motar kasuwa. A CorelDRAW ko InDesign a ƙara musu tazara kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na girman harafin. A Word a danna Ctrl da D, a shiga Paramètres avancés, a mai da Espacement zuwa Étendu, a sa maki 1 ga kanun da ke tsakanin 20 da 28. A wannan shafin ne kuma akwai akwatin Crénage, mai daidaita tazarar haruffan da ke maƙwabtaka, wanda a yawancin Word ɗin da ke shagunanmu a kashe yake zuwa. A kunna shi. Hausa cike take da WA da YA da TA da KWA, kuma waɗannan ne haɗin da ke barin rami a tsakiyar kalma idan ba a gyara tazararsu ba. Rubuta GAYYATA ko WAKILAI da manyan haruffa, ka kunna ka kashe, za ka ga bambancin da idonka. Ƙananan haruffa kuwa a bar su yadda mai zanen ya aje su, buɗa su yana wargaza kalma.

Nauyi ɗaya kawai gare shi. Babu mai kauri, babu mai karkata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba danna G na kauri da I na karkata a Word. Maɓallan za su yi aiki, amma abin da suke bayarwa na jabu ne. Idan ka danna G, Word yana shafa wa harafin kauri ta ko'ina daidai wa daida, sai ƙugun ya cike, bakin ya dakushe, cikin a da e ya toshe. Idan ka danna I, tura harafin kawai yake yi gefe, O ya koma kamar ƙwai da aka taka. Wanda yake son wata kalma ta fito a Marcellus sai ya nemi wata hanya: ya ƙara girma, ya sauya launi, ko ya koma SC. Wannan rashi ne ya sa ba ma ba da shawarar a yi cikin rahoto ko littafi da shi. Rubutu mai tsawo yana buƙatar mai karkata don sunayen littattafai da kalmomin aro, yana buƙatar mai kauri don ƙananan kanu. Sakin layi ɗaya ko biyu, kamar gabatarwar mujalla ko jawabin godiya a bayan kati, zai iya ɗauka a girman 12 da tazarar layi 15 ko 16. Shafi ashirin kuwa, a'a.

Yanzu ga babbar maganar. Faransanci bai da matsala da Marcellus: é, è, ê, ç, œ da alamun « » duk suna nan. Hausa ce ke da matsala. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ, manya da ƙanana. An zana shi ne don harsunan Turai, kuma ba shi kaɗai ba ne, yawancin salon ado haka suke. Amma a Nijar abin ya fi ciwo, domin ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999 tana amfani da ƴ, inda a Najeriya ake rubuta y da ɗan waƙafi a gabanta. Wato mu haruffa huɗu muke nema, su uku. Kuma tun da kundin sake gina ƙasa da aka kafa a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, takardun gayyata da alluna da sanarwa cikin Hausa sai ƙaruwa za su yi.

Yadda aibin yake ɓoyewa shi ne abin tsoro. Word ba ya faɗa maka cewa harafi babu. Shiru yake yi ya aro shi daga wani salo. Sai ka rubuta “ɗaurin aure”, ɗ ɗin ya fito da jikin wani salo, sauran haruffan da jikin Marcellus. A girman 11 a fuskar kwamfuta ba lalle ka lura ba. A girman 30 a kan kati mai sheƙi kowa zai gani, harafi ɗaya ya fi ƴan uwansa kauri ko gajarta, kamar baƙo a cikin dangi. Wasu manhajojin zane ba sa ma aron, akwati fanko suke sakawa a gurbin. Hanyar ganewa a Word mai sauƙi ce: ka zaɓi harafin shi kaɗai ka dubi sunan salon da ya bayyana a sama. Idan ba Marcellus ba ne, aro ne.

Mafitar da aka fi bi a shaguna ita ce mafi muni, wato a cire ƙugiyar a rubuta k da d da b kawai. Sai kati ya fita yana maraba da “manyan baki” a maimakon manyan baƙi. Ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ƴaƴa su koma yaya, ɓari ya koma bari. Mai karatu zai gane daga ma'ana, gaskiya ne, amma takardar da aka zaɓa wa salon Rumawa don ta yi kwarjini ba ta kamata a ce sai an yi mata uzuri ba.

Akwai hanyoyi na gaskiya. Mafi sauƙi ita ce raba aiki: Marcellus ya riƙe abin da babu ƙugiya a cikinsa, wani salo ya riƙe sauran. GAYYATA, SANARWA, TAKARDAR SHAIDA, DAMAGARAM, BARKA DA SALLA, duk waɗannan suna fita lafiya. Cikin rubutun sai a ba Charis SIL ko Gentium, waɗanda ƙungiyar SIL ta yi musamman don harsuna irin namu, ko Noto Serif na Google. Dukkansu kyauta ne, suna da haruffan nan takwas, suna da mai kauri da mai karkata na gaske. A ganinmu Gentium ya fi zama da Marcellus, domin shi ma yana da laushin alƙalami kuma bai cika baƙi a shafi ba. Charis ya fi ƙarfi, ya fi jure fotokopi. Idan madannin kwamfutar bai da haruffan, a Word ana rubuta lambar harafin sannan a danna Alt da X, a wasu Word na Faransanci kuma Alt da C: 0253 don ɓ, 0257 don ɗ, 0199 don ƙ, 01B4 don ƴ. Manyansu 0181, 018A, 0198 da 01B3. Matsalar wannan hanya ita ce ranar da sunan amarya ko na unguwa ya zo da ƙugiya a kanu. Ba a sauya wa mutum suna don salo.

Idan kanu ɗaya ne kawai, ana iya yi da hannu. A CorelDRAW a rubuta kalmar da k ko d, a mai da ita zane da Ctrl da Q, a kwafo lanƙwasar saman f na Marcellus ɗin a daidai wannan girman, a ɗora a kan sandar, a haɗe su. Minti goma ne ga wanda hannunsa ya saba. Kuskuren da ake yi shi ne zana ƙugiyar da layi mai kauri ɗaya, sai ta fito kamar an liƙa waya. Daga jikin f ake ɗaukarta don ta zo da siririn wuya da buɗaɗɗen baki irin na gidan.

Shagon da ke buga Hausa kullum kuwa gara ya yi gyaran sau ɗaya ya huta. Lasisin Marcellus, wato SIL Open Font License, ya yarda a gyara salon, a ƙara masa haruffa, a yi aikin kuɗi da shi, a raba wa wasu. Sharuɗɗan su ne kada a sayar da fayil ɗin shi kaɗai, a haɗa takardar lasisin da duk kwafin da aka bayar, kuma a sauya suna, domin mai zanen ya keɓe sunan Marcellus. Da FontForge ake yi, manhajar gyaran salon haruffa, ita ma kyauta ce. A buɗe fayil ɗin, a fara da sauya sunan a duk gurabun da ke cikin bayanan salon, in ba haka ba Windows zai rikita sabon da tsohon. Sai a je gurbin 0199 a kwafo k, a yanke saman doguwar sandar, a ɗora lanƙwasar f tana kallon dama. Haka ɓ daga b. Shi ɗ ya fi wuya, domin sandarsa a dama take, ƙugiyar tana leƙawa waje ta hau kan harafin da ke biye. Idan aka bar tazararsa irin ta d, zai yi karo da i ko k ko wani ɗ, kamar a “haɗaɗɗe” da “faɗi”. Idan aka buɗa da yawa, rami zai bayyana a “ɗaki”. Sai an gajarta ƙugiyar kaɗan, an ƙara tazarar dama kaɗan, an gwada da kalmomi na gaske. A ƴ hannun dama na y ne yake lanƙwashewa. A manya, Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu a hagu take daga sama, Ƙ da Ƴ kuma hannun dama na sama ne ke lanƙwasa. Kafin a fitar da fayil ɗin a haɗe layukan da suka hau juna, in ba haka ba wurin haɗin zai iya fitowa fari a wasu injuna, musamman injin yankan sitika. A kwafa wa sababbin haruffan gyaran tazarar iyayensu, Ƴ ya gaji na Y, Ƙ ya gaji na K. Aikin yini ɗaya ne ko biyu ga mai haƙuri, kuma SC ɗin ma sai an yi masa nasa daban.

Wani ƙaramin abu da ke da alaƙa da wannan: Word ɗin da aka saita da Faransanci yana saka tazara da kansa kafin alamar tambaya da ta motsin rai da ɗigo biyu, yana kuma mai da alamun zance zuwa « ». Ƙa'idar Faransanci ce, ba ta Hausa ba. A kashe ta a Correction automatique kafin a fara rubutun Hausa. Waƙafin da ke cikin “sana'a” da “jama'a” kuma a tabbata iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, domin a babban girma miƙaƙƙe da lanƙwasasshe ba sa ɓoyuwa.

Wajen bugawa, takarda tana da ta cewa. A kan bristol, wato takardar kati mai kauri, ko takarda mai sheƙi ta giram 250 zuwa 300, da leza, bakin haruffan yana fita da kaifi. A kan takardar giram 80 da firinta mai tawadar ruwa, tawadar tana ɗan yaɗuwa, kusurwoyin su dakushe, ƙasa da girman 12 sai ya koma kamar kowane salo. Fotokopin fotokopi yana cinye siraran wurare, kamar sandar tsakiyar e da ta A, don haka takardar da za a yi ta kwafa a ofisoshi gara a bar ta da Charis. Rubutu fari a kan shuɗi mai duhu ko kore yana da kyau ƙwarai da wannan salo, amma launin bango yana matse fari, sai a ƙara maki ɗaya ko biyu a kan girman da aka yi niyya. Ƙananan rubutu baƙi a sa shi baƙi zalla, K 100, kada a haɗa shi daga launi huɗu, domin idan injin ya goce da ko rabin gashi ne za a ga inuwar ja ko shuɗi a gefen kowace sanda. Ruwan zinariya da ake so a katin biki, idan ba na gaske ake mannawa ba, rawaya ce mai duhu kawai, kuma siririn harafi a wannan launi a kan fari ba ya karantuwa da dare. A ba shi bango mai duhu.

A allo da bandarol yana da kyau idan mai karatu a tsaye yake ko yana tafiya a ƙasa: allon ƙofar ofis, sunan ɗakin taro, allon makaranta. Ƙiyasin da masu alluna ke bi shi ne tsayin harafi santimita 2,5 ga kowace mita 3 ta nisa, kuma da yake Marcellus siriri ne gara a ɗara hakan. Allon bakin titi da mai babur zai karanta a guje cikin ƙurar hunturu ba aikinsa ba ne, wannan na salo mai kauri ne. A hatimi ma kada a sauka ƙasa da girman 8, kuma SC ya fi, don cikin ƙananan a da e yana cikewa da tawada.

Saka shi a kwamfuta ba wuya. A sauko da shi daga Google Fonts, fayil ɗin bai kai rabin megabait ba, a warware zip ɗin, a danna dama a kan fayil mai ƙarewa da ttf a zaɓi Installer, a rufe Word a sake buɗewa. Masu aiki da waya suna iya shigar da wannan fayil ɗin a manhajar zane ta PixelLab. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen kai aiki wani shago. Idan kwamfutar can ba ta da salon, za ta musanya shi da wani ba tare da sanarwa ba, layuka su goce, kati mai shafi ɗaya ya zama biyu. A kai PDF, kuma a buɗe shi a Acrobat a danna Ctrl da D a duba shafin Polices: duk salon da aka lissafa ya zama an ce yana cikin fayil ɗin. A nan ne ma za ka kama aron da Word ya yi maka, idan ka ga sunan salon da ba ka zaɓa ba. Daga CorelDRAW a mai da rubutu zane kafin a kai, amma a aje kwafin da ba a mayar ba, don ranar da aka ce an ɗaga biki. Katin da za a tura ta WhatsApp kuma a tura shi a matsayin takarda, domin idan aka tura a matsayin hoto ana matse shi, siraran layuka ne kuma suke fara lalacewa.

Masu neman abin da ya fi shi cika za su ji sunaye uku. Optima na Hermann Zapf, wanda ya fito a 1958 bayan Zapf ya ga rubutun kaburbura a cocin Santa Croce na birnin Florence a Italiya a 1950, buɗewarsa ta fi ta Marcellus sauƙi, yana da mai kauri da mai karkata, kuma yana zuwa a cikin kwamfutocin Mac. Albertus na Berthold Wolpe, na kamfanin Monotype tun shekarun 1930, ya fi kauri da kaifi, shi ne a allunan titunan tsohon tsakiyar Landan, kuma ya fi Marcellus dacewa da allon waje. Trajan na Carol Twombly, 1989, an ɗauko shi daga rubutun ginshiƙin sarki Trajan na Rum na shekara ta 113, manyan haruffa ne zalla. Duka ukun na sayarwa ne, kuma lasisinsu ba irin na Marcellus ba ne da ya buɗe ƙofar gyara da rabawa. Kafin ka biya kuɗin ko ɗaya daga cikinsu, ka liƙa wannan layin a akwatin gwaji na shafin mai sayarwa: Ɓaɓɓake, Ɗanɗano, Ƙanƙara, Ƴaƴa. Ka ƙara girman zuwa 60 ka duba harafi ɗaya ɗaya.